Angon Nore

Tsufa ya kwashe min abubuwa da yawa a ka, amma akwai rana ɗaya da ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ko na yi niyyar mantawa tsofaffin Gumel ba za su bar ni ba, don har yau in na je ta'aziyya ko ɗaurin aure sai wani mai furfura ya miƙo min hannu ya ce, "Angon Nore, kwana biyu." Yaran da ke wurin su ɗauka wata sarauta ce. Ni kuwa in amsa, in nemi wurin zama can baya.

Abin ya faru ne a tsakiyar shekarun saba'in, ba da jimawa ba bayan farin nan da ya ƙarar wa mutane da dabbobi. Lokacin muna cikin jihar Kano, ba wanda ya san za a yi Jigawa. Ni saurayi ne, tela, da keken ɗinkina a wata rumfa kusa da tasha. Abin da ya fitar da ni cikin teloli shi ne surfani. Na ɗan taɓa firamare, na iya haruffan boko, saboda haka duk amaryar da ke son a rubuta sunanta a rigar filo ko a labule, wurina ake kawo aikin.

Daga nan cutar ta kama ni. Tun ina rubuta sunaye har na fara jin ni ne mai su. In aka kawo min aikin Kande, sai na yi wa mai kawowa bayanin cewa bayan maza aka haife ta, alhali uwar Kanden ce a gabana. In Tanko ya zo karɓar wando sai na gaya masa yayyensa mata ne. Na san Cindo mai yatsa shida ne, Gambo ƙanin tagwaye, Anaruwa kuwa ana tsuga ruwa ya zo duniya. Ba wanda yake tambayata, ni nake bayarwa kyauta, gyara a kan ɗinki. Kuma na raina sunan da ya yi yawa a gari. Har na taɓa faɗa a rumfa, da bakina, cewa ni ba zan auri macen da in an kira sunanta a bakin rijiya mata biyar za su waiwayo ba. (Ka riƙe wannan maganar, mai karatu. Waɗanda suka ji ta ran nan sun riƙe.)

Kowace Alhamis nakan ɗora kekena a a-kori-kura mu tafi kasuwar Maigatari. Wanda bai ga Maigatari ran kasuwa ba, ba zai gane ba: raƙuma, shanu, kanwa, dabino, direbobin Damagaram suna ce wa babbar mota kamiyo, suna kiran kowa mushe. A nan na fara ganin yarinyar. Nono take kawowa da man shanu, takan zauna a gindin wata aduwa daura da inda nake kafa keke. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, kuma ba ta tsarma nononta da ruwa. Ni nakan ce mata 'yar Fulani, ita ta ce min Tela. Da yake mu Mangawa taubasan Fulani ne, hirar tamu duk tsokana ce. In ce nononta ya yi tsami, ta ce bakin Bamange ne bai san abu mai kyau ba. Haka muka yi watanni, ina shan furar da ba yunwa ce ta sa ni saya ba.

Ban taɓa tambayar sunanta ba. Da farko kunya ce, daga baya kuma ya zama an daɗe, tambayar za ta yi nauyi. Ga kuma girman kai: mutumin da ake zuwa wurinsa jin ma'anar suna, shi zai buɗe baki ya tambaya?

Da kaka ta yi, mahaifinta ya ba ni ɗinkin riguna, ya ce in an gama in kai masa gida. Sunansa Malam Manu, dattijo siriri mai magana a hankali. Rugarsu tana tsakanin Maigatari da Sule Tankarkar, sun daɗe a wurin, suna noma suna kiwo, Hausa a bakinsu kamar tamu. Na hau keken hawa na isa da hantsi. Aka shimfiɗa min tabarma a jikin wata bukka, bayana yana kallon garke. Yarinyar ta kawo min ruwa ta koma gefe tana wanke ƙore.

Ina zaune sai na ji muryar Malam Manu daga bayan bukka, da wata irin murya mai taushi wadda ban san yana da ita ba: "Nore. Nore."

Yarinyar ta yi wuf ta miƙe, ta ɗauki ƙwarya ta zagaya.

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Nore. Na juya shi a baki, na rubuta shi da yatsa a kan rairayi. Haruffa huɗu, sunan da ban taɓa surfantawa ba. Kafin in tashi kuma na ji wata tsohuwa, kakar yarinyar, tana ce wa wata baƙuwa duk faɗin ƙasar nan ba mai kyan Nore, ba mai albarkarta. Na ce a raina, tsohuwa, kin faɗi gaskiya.

Washegari na tafi wurin Malam Habu, malamin da ya koya min allo, mutum mai littattafai cike da adaka. Na ce, "Allah gafarta Malam, akwai wani suna, Nore. Daga ina ya fito?"

Ya shafa gemu. Ya ce, "Ban taɓa cin karo da shi a littafi ba. Watakila daga Nur ne, haske ke nan. Watakila fa na ce. Allah ne masani."

Na bar masa watakilarsa a kan buzu, na fito da haske.

Daga ranar na shiga bincike. Matan Gagarawa da ke kawo ɗinki na tambaye su ko sun san wata Nore, suka ce a'a. Na tambayi fataken Sule Tankarkar, na tambayi direbobin Damagaram, har wani mai kai gyaɗa Kano na sa ya saurara min a can. Babu. Kowane "babu" ƙara min daɗi yake yi. A rumfa na fara ba da karatu: sunan Larabawan da ne, ya biyo ayarin raƙuma ta hamada, ya ɓace a birane sai a ruga ya saura, don Fulani ba sa yar da abin da. Ni na ƙirƙiro wannan tarihin ina taka keke, amma da na faɗe shi sau da yawa sai na fara jin kamar a wurin wani na ji. Mutum ɗaya ne ban tambaya ba, wato Bafulatani. Bamange ya je neman ilimi wurin taubashinsa, a yi shekara ana yi masa dariya? Na tsare mutuncina.

Alhamis ta zagayo. Na ga kiran sunanta kai tsaye zai yi tsirara da yawa, sai na ɓullo ta bayan gida. Na karɓi furata na ce, "Nore ta kwana lafiya?"

Ta dube ni da mamaki. Ta ce, "Lafiya lau take. Ashe ka san ta."

Na ce, "Na san ta mana. Tun da na gan ta ban ƙara samun natsuwa ba."

Ta rufe baki da hannu tana dariya. "Kowa haka yake cewa. Akwai wani dillali a kasuwar nan, ya yi ta sintiri a kanta har Baba ya gaji ya kore shi."

Na ji kishi ya tokare ni. Na kuma yaba wa wayonta, yadda ta karɓi wasan nan take tana maganar kanta kamar wata daban. Na ce wannan yarinya da ni ta dace. (Na san ka hango ramin tun ɗazu. Ni ina tsaye a bakinsa ina gyara hula.)

Haka muka ci gaba. Duk Alhamis in tambayi Nore, ta ba ni labari. Wani makon ba ta cin abinci sosai, in damu. Wani makon ƙaya ta soke ta a ƙafa, in dubi ƙafar yarinyar in ga tana tafiya garau, in ce jarumtar Fulani ce. Har na sayi yadi mai kyau ruwan ƙwai, na yanka kallabi, na zauna na surfanta NORE da koren siliki, da furanni a kowace kusurwa. Ban taɓa yi wa wata amarya aiki mai kyansa ba. Na miƙa mata. Ba ta karanta boko, ta ce me aka rubuta.

Na ce, "Nore. Nata ne."

Ta juya shi, ta sake juyawa. Ta ce, "To, an gode. Za a ba ta." Na lura fuskarta ba walwala, na ce kunya ce.

Da bazara ta kama na sami mahaifiyata da maganar. Ta ce, "Wane irin suna ne wannan kuma?" Na yi mata karatun ayarin raƙuma. Ta saurara har na gama, ta ce, "Ka dai tambayi yarinyar?" Na ce ai da kunnena na ji ubanta ya kira ta. Ta ce to, in je in gaya wa Baffa Idi, ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe mu tun rasuwar Baba. Baffa Idi mutum ne da ba ya dariya a gaban yara, kuma ba abin da yake tsaro kamar sunan gidanmu.

Ita ma yarinyar na yi mata shimfiɗa. Na ce, "Ina so in turo manya a kan maganar Nore."

Ta ɗaure ƙwaryarta ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ka turo. Ka ji daga bakin Baba."

A al'ada saurayi ba ya bin masu neman aure. Amma ba wanda ya san hanyar rugar sai ni, don haka aka ce in raka su, in mun isa in koma gefe. Baffa Idi ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya gayyaci Malam Habu, aka ɗauki ƙunshin goro. Mota ta sauke mu a wani ƙauye, sauran muka taka. Da muka isa aka yi musu shimfiɗa a inuwar gawo, ni kuma na zauna a kan wani kututture nesa kaɗan, inda ba a ganina cikin magana amma ina jin komai.

Aka gaisa, aka tambayi zafi, aka tambayi dabbobi. Malam Manu ya ce yau me ya fito da Mangawa daji, ko garin ya ƙare da nono ne. Baffa ya ce ai sun zo duba bayinsu ne. Aka yi dariya. Sannan Baffa ya gyara zama, ya tura ƙunshin goro tsakiya, ya yi maganar yadda manya ke yi.

"Malam Manu, yaronmu ya ga abin alheri a gidan nan. Iri muka zo nema."

Malam Manu ya dubi goron. "Wacce daga ciki?"

"Nore."

Dariyar ta bar fuskarsa. Sannan ya ce, "Ku ma? To, kun fi na baya ladabi, kun zo da goro. Amma ku yi haƙuri. Ba na rabuwa da ita."

Malam Habu ya sa baki. "Ai ba rabuwa ba ce, Malam Manu, zumunci ne. Ita mace ba ta dawwama a gida."

"Wannan za ta dawwama," in ji shi. "Malam, kun san abin da fari ya yi mana. A nan uwarta ta faɗi, ina riƙe da kanta ta cika. Ita kaɗai ta rage min a dangin nan, kuma daga wurin mahaifiyata suka fito. In na ba da ita, me zan ce na riƙe?"

Na ji idona ya kawo ruwa. Ashe marainiya ce, ba ta taɓa gaya min ba.

Baffa ya ce, "Allah ya jiƙan ta. Amma yaron nan ba zai wulaƙanta ta ba. Yana da sana'a, ya gina ɗaki, har an yi daɓe."

"Ɗaki?" Malam Manu ya dube shi da kyau. "Nore ba ta taɓa kwana a ɗaki ba tun da aka haife ta. Kuma ku mutanen gari ba za ku iya da ita ba. Tana da hali. In ba ta san mutum ba harbinsa take yi."

Baffa da Malam Habu suka dubi juna. Malam Habu ya ce, a hankali, "Yarinta ce. Haƙuri ke gyara wannan."

"Wace yarinta, ga ta da tsohon ciki. Na uku ke nan."

Baffa Idi ya juyo gaba ɗayansa ya dube ni a kan kututturena. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kai. Zo nan."

Na zo na durƙusa.

"Ka san da wannan ka kawo ni?"

A nan ne ya kamata in yi shiru. Da na yi shiru, da tambaya ɗaya ta warware komai, da abin ya tsaya a kuskure. Amma jinina ya hau. Na ga ana ɓata yarinya a gabana, kuma ubanta ne da kansa, don kawai kada ya ba Bamange. Na miƙe tsaye a gaban dattawa uku, abin da ban taɓa yi ba, na ce, "Baffa, ba gaskiya ba ne. Duk Alhamis ina tare da Nore a kasuwa, ina ganinta da idona. Malam Manu, in ba za ka ba ni ba ka ce ba za ka ba ni ba, amma kada ka ɗora mata abin da ba ta yi ba. Wanda ya sa wa 'yarsa wannan suna ya san abin da ya sa. Nore haske ne. Sunan Larabawan farko ne, ba a ba kowa shi. Na bincika daga nan har Damagaram, ita kaɗai ce mai shi. Ga Malam nan, shi ya fassara min."

Malam Habu ya ce, "Ni watakila na ce."

Malam Manu ya daɗe yana kallona. Na ga bakinsa yana motsi kamar mai tauna wani abu. Sai ya juya wajen bukkoki ya yi magana da Fillanci, gajeriya. A ciki kalma ɗaya na gane.

Yarinyar ta fito daga bayan bukka riƙe da igiya. A ƙarshen igiyar akwai saniya, ja, da farin layi tun daga tozo har gindin wutsiya, cikinta kamar randa. A wuyanta kuwa an ɗaura kallabi ruwan ƙwai. Ya sha rana, ya sha kashin shanu, amma koren silikin yana nan, kuma ni na san hannuna.

Malam Manu ya ce, "Ga Nore. Ango, ka gaisa da ita daga nesa, na gaya maka tana harbi."

Saniyar ta dube ni, ta ci gaba da tuƙa.

Dariyar daga wajen mata ta fara. Ashe duk suna bayan zana suna saurare. Kakar nan har zama ta yi a ƙasa tana share hawaye. Malam Habu ya ja rawaninsa ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Baffa kuwa bai yi ba, ya sunkuyar da kai yana kallon goronsa. Ni kuwa ina tsaye, hannuna ɗaya har yanzu a sama inda jawabi ya bar shi. Na roƙi ƙasa ta tsage, amma ƙasar wurin rairayi ce, ba ta tsagewa.

Da abin ya lafa, Malam Manu ya yi min bayani kamar yadda ake yi wa yaro. A wurinsu saniya daga launinta take samun suna. Wadda ke da farin layi a gadon baya, ita ce nore. Ya ce, "Ka ce ita kaɗai ce daga nan har Damagaram. Je ka kara, wajen masu shanu, ran Alhamis, za ka ga nore ta fi ashirin." Ran da na ji ya kira, Malam Manu ne ya kwance maraƙi yake kiran uwar don a tatsa, yarinyar kuma ita ke tatsarta.

Sannan ya daina murmushi. Ya ce, "Yaro, tun yaushe kake magana da ita?"

Na ce tun bara.

"Tun bara, ba ka tambaye ta sunanta ba."

Baffa ya ɗago kai ya ce, "Malam Manu, mun ji kunya, amma tun da mun zo, yaya sunan yarinyar?"

Ya ce, "'Yar fari ce. Ba ya fita a bakina."

Shi ya sa ban taɓa jin ya kira ta ba, kuma da zan shekara goma a rugar ba zan ji ba. Tsohuwar ce ta leƙo ta kan zana ta faɗi sunan da ƙarfi, har sau biyu, wai don Bamange ya ji da kyau.

Sai a lokacin Baffa Idi ya yi dariya, irin wadda ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ya ce min, "To masanin suna, maimaita mu ji."

Na kasa. Sunan mahaifiyata ne. Ko yanzu ba zan rubuta shi a nan ba, sai dai in ce maka in ka tsaya a bakin kowace rijiya a ƙasar Hausa ka kira shi, ba mata biyar ba, sai ka rasa wadda za ka kalla.

Malam Manu ya tura goron gaban Baffa. Ya ce, "Wannan na Nore ne, kuma ba ta amsa ba. In akwai wata magana, ku zo da wani. Amma yaron ya fara zuwa ya yi magana da mutum tukuna."

A hanyar komawa Baffa bai ce min uffan ba har muka shiga mota. Na ɗauka zai rufa asirin gida. Motar ba ta yi nisa ba ya kwance ƙunshin ya fara raba wa fasinja goro, yana cewa su ci, na auren ɗansa ne da saniya. Kafin Alhamis labarin ya riga ni zuwa Maigatari. Na tarar an ajiye min damin harawa a inda nake kafa keke. Dillalan kara suna wucewa suna tambayata jikin amarya. Wani direban Damagaram ya kawo min bargon jakinsa wai in rubuta masa sunan jakin, kuma in gaya masa daga wace ƙasar Larabawa ya fito. A Gumel kuwa, waɗanda suka ji maganata ta bakin rijiya suka riƙa zuwa rumfa ɗaya bayan ɗaya, ba su da ɗinki, gaisuwa kawai.

Duk wannan bai dame ni kamar gindin aduwar nan ba. Yarinyar ta canza wurin zama, ta koma can wajen masu kanwa. Sai da na yi makonni kafin na iya ɗaukar ƙafata na je. Na tsuguna kamar mai sayen nono, na ce na zo ba da haƙuri.

Ta ce, "Dariyar da aka yi maka ba ta ishe ka ba?"

Na ce ta isa, har ta yi yawa.

Ta ce, "Ni ban yi ba. Kullum ka zo, Nore, Nore. Ka yi mata kallabi. Ni da nake ɗauko nonon a ka tun daga ruga, ko sau ɗaya ba ka ce yaya na kwana ba. Na ce wannan ma saniya yake so, ya bi ta kaina ne."

Sai a lokacin na ga abin daga inda take zaune. Ni ina can ina jin daɗin wayona, ita tana komawa gida da ɓacin rai duk mako. Na ce, "Yaya sunanki?"

Ta ce, "Ai ka ji."

Na ce, "Na ji a bakin wata. Kuma ko kin faɗa ba zan iya maimaitawa ba. Amma ina tambaya."

Sai ta faɗa, ƙasa-ƙasa, tana gyara faifai a kan ƙwarya. Ta ce in zan sha fura in faɗa, in ba zan sha ba in matsa wa masu saye.

Bayan damina Baffa ya koma da wani goron, wannan karon ba tare da ni ba. An ce kafin ya buɗe baki Malam Manu ya sa an fito da yarinyar ta gaishe su, ya ce a duba da kyau, kada a sake. Aka ɗaura aure. Ga shi mun tsufa tare, uwar 'ya'yana bakwai, ban taɓa kiran sunanta ba. Ubanta bai kira ba har ya koma ga Allah, ni ma ba hali. "Ke" nake cewa, ko in yi gyaran murya. Sau ɗaya na gwada ce mata Nore da wasa, ran nan tuwona ba miya ya zo.

Sunan kuwa bai mutu ba. Da muka haifi 'yarmu ta fari, ran suna Malam Manu ya zo da karsana, 'yar Nore, mai farin layi irin na uwarta, ya ce ta jaririya ce kamar yadda suke yi. Liman ya raɗa mata Rabi'atu, amma kafin a watse dangin uwarta sun fara cewa a miƙo musu Nore su gani. Sunan ya bi ta har makaranta, har gidan miji. Wata maƙwabciyarmu da ba ta san tushen ba ta ji ya yi mata daɗi ta laƙaba wa tata. Daga baya na ji akwai wata a Gagarawa, jikar ƙawar mahaifiyata. Iyakar waɗanda na sani ke nan masu ƙafa biyu, kuma duk ta hannuna suka bi.

Kwanan baya wata jikata da ke jami'a ta zo hutu, ta ce ƙawayenta suna son sunan goggonta, ba su taɓa jin irinsa ba, wata ma ta ce Larabci ne, wai haske. Ta ce, "Kaka, haka ne?" Na buɗe baki, sai na ji gyaran murya daga tsakar gida. Na ce ta je ta tambayi kakarta, ita ce ta yi karatun a wurin masu shi.

Abin da na koya bai da yawa. Na daina fassara wa mutane sunayensu, na koma ɗinkina. In saurayi ya zo min da maganar ya ga yarinya, nakan ce ya je ya tambaye ta sunanta da bakinsa, komai nauyin tambayar. Kuma kafin ya tashi dattawa su sa babbar riga, ya ƙirga ƙafafun amarya.